Tsaga ta Bakwai a Kuncin Talatu

Sana'ata zane ce, kuma a Gazawa idan ka ce mutum mai zane ne, abin da ake fahimta shi ne mai rubuta allon shago. To, ina yin wannan, ba na musu. Rabin kajin da ke jikin bangon masu gasa nama a bakin tasha ni na zana su, har da wata da ta fito kamar angulu, wadda mai shagon ya hana ni gyarawa, wai ita ke jawo masa ciniki. Ina kuma yi wa ma'aikatan lafiya hotuna da fentin ruwa: uwa tana wanke hannu, uwa tana rataye gidan sauro, uwa tana irin murmushin da ban taɓa ganin wata uwa ta yi shi a layin likita ba. Wannan shi ke ciyar da gidana.

Aikin da nake yi don raina shi ne baƙin allo. Wani mushe, wato malamin boko, shi ya koya mini shi tun ina lakol a Maraɗi. Za ka sami katako mai santsi, ka dama farar ƙasa da ƙaro ka shafe shi, ya bushe ka goge, ka sake shafawa, har sau uku. Sannan ka rufe shi gaba ɗaya da baƙar tawada. Daga nan ba ƙara komai kake yi ba, ragewa kake yi. Duk inda ka karta, farin da ke ƙasa ya fito. Fentin ruwa yana da haƙuri, idan ka yi kuskure ka sa ruwa ka lallashe shi ya janye. Baƙin allo ba ya janyewa. Ko ka sake cika wurin da tawada, ramin yana nan, yatsa zai same shi.

Da askar mahaifina nake kartawa. Mahaifina Jaye wanzami ne a Cadakori, shi ya yi wa rabin garin tsagar Gobirawa lokacin da ake yayin ta. A cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaji sana'ar, don haka da ya rasu shekara takwas da suka wuce, 'yan'uwana suka raba gona, ni kuma na ɗauki zabirarsa ta fata na taho da ita. Suna yi mini dariya har yau.

Akwai abin da na taho da shi wanda ba ya cikin zabirar. Tun ina ƙarami, duk inda mahaifina ya zauna hira, sai ka ga ya ɗauki tsinke yana jan layi ɗaya a ƙasa. Layin yakan miƙe, ya haura sama, sannan a ƙarshe ya lanƙwasa kamar ƙugiya. Sai ya share da tafin hannu, ya sake ja. Bai san yana yi ba. Ni kuwa ina tsugune kusa da shi ina kwaikwayo, har ya zama layin nan shi ne abu na farko da hannuna ya iya zanawa, tun kafin in iya rubuta sunana. Kowa a gidanmu ya san labarinsa sama-sama. Yana saurayi, sabon shiga sana'a, an kira shi suna a gidan wani Cindo, yana yi wa jaririyar tsaga askar ta zarce ta haura kusa da idonta. Ya ce jaririyar ce ta zabura, aka ɗora laifin a kan tsohuwar da ta riƙe ta. Bayan 'yan shekaru aka yi fari, mutanen gidan suka yi gabas, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Har ya tsufa, duk baƙon da ya sauka daga gabas sai ya tambaye shi ko ya taɓa ganin mace mai irin wannan tabo.

Sauran labarin ni kaɗai ya gaya wa, a ciwonsa na ƙarshe, wata rana bayan la'asar ina yi masa fifita. Zan zo kansa.

Bara bayan girbi, da hantsi, wata mata ta yi sallama a rumfata. Ta kai shekara talatin da biyar, hannuwanta na mai aikin man gyaɗa. Ta ce sunanta Zahra'u, daga Gangara take.

"Malam Yahuza, an ce kai ka yin hoton da ake taɓawa a ji."

Na ce ban taɓa jin an kira shi haka ba, amma za a iya cewa.

Ta zauna a bakin benci ta yi mini bayani. Mahaifinta, Malam Dikko, ya makance shekara goma sha ɗaya ke nan. Mahaifiyarta Talatu ta rasu da damina. Tun bayan arba'in tsohon ya daina cin abincin kirki, ba don kuka ba, don tsoro. Ya ce fuskar matarsa tana guje masa. Da tana raye, idan ta fara dushewa a ransa sai ya miƙa hannu ya shafa. Yanzu kullum ya tashi sai ya ji wani abu ya ragu, jiya goshi, yau haɓa.

"Ya ce in ta ƙare mishi duka, to ta mutu sau biyu ke nan, kuma na biyun shi ya kashe ta," in ji Zahra'u.

Na tambaye ta hoto. Ta ciro katin shaidar mahaifiyar, wanda ya sha wanki a aljihun riga. Abin da ya rage a wurin fuskar bai fi tabon shayi ba, sai dai ana gane mayafi, an jawo shi ya rufe gefe ɗaya. Ta ce shi ke nan, Inna ba ta son hoto. Ko a biki aka ɗaga waya, sai ta tuna tana da tukunya a wuta.

Gaskiya na so in ƙi. Ban taɓa zana wanda ban gani ba, balle mamaci, balle don makaho. Kuma na san abin da wasu maƙwabtana ke cewa game da hoton mai rai, ina jin su, ba kurma ba ne ni. Amma maganar mutuwa sau biyu ta tsaya mini a rai.

Muka fara da fentin ruwa, don shi ke karɓar gyara. Zahra'u ta ce ita ta ɗauko goshin uwarta da idanunta, sai na zaunar da ita na ɗauke su daga fuskarta. Hancin ta ce ya fi nata tsawo. Na ƙara, ta ce ya yi yawa, na sa ruwa na rage. Sau huɗu tana zuwa daga Gangara a kan kabu-kabu, kowane zuwa da abin da ta tuno a hanya: wushirya, kunnen hagu da ya yage wurin ɗan kunne, yadda take matse baki idan ana yi mata ƙarya. Na tambaye ta tsaga. Ta ce Inna Bagobira ce, daga yamma iyayenta suka zo, shida a wannan kunci, bakwai a wancan, kamar kowa. Ta faɗi haka tana kallon takalminta. Na lura, amma na ɗauka kunya ce.

A zuwa na huɗu na juya mata takardar. Ta kalla, ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta, ta fita bayan rumfa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mai zane mugun mutum ne ta wannan wajen, kukan wanda ya ba shi aiki shi ne yabonsa.

Sai na koma kan allo. Na yi shafen farar ƙasa sau tara maimakon uku, don in sami kaurin da zan yanka da zurfi. Ido ba ya cikin wannan aiki, saboda haka duk abin da na karta sai in rufe idona in bi shi da yatsa. Na gane abubuwa da yawa da nake taƙama da su, irin inuwar ƙarƙashin ido, a wurin yatsa ba komai ba ne. Sati uku na yi.

Tsagar na bari ƙarshe. Na yi shidan kuncin dama lafiya lau, daga gefen baki zuwa wajen kunne, a jere. Na dawo hagu, ɗaya, biyu, har shida. Da na ɗora askar a kan ta bakwai, sai hannuna ya nemi ya wuce. Ba zamewa ba ce, na san zamewa. Ji na yi kamar wani ya dafa bayan hannuna yana tura shi sama a hankali, da sanin inda za shi. Na ɗage askar da sauri. Rana tsaka ce, masu babur suna ta hayaniya a bakin kwalta, amma tsikar jikina ta tashi, har na waiwaya. Babu kowa sai zabirar a rataye a ƙusa. Na yi a'uziyya, na sha ruwa, na riƙe wuyan hannun damana da na hagu, na ja ta bakwai ta tsaya daidai da 'yan'uwanta. Na ce wa kaina tsohon sabo ne kawai.

Ranar da zan kai aikin, matata ta naɗe mini allon a zanenta, na rungume shi a bayan kabu-kabu kamar mai kai jariri awo. Mun isa Gangara kafin azahar. Malam Dikko yana zaune a tabarma a gindin bedi cikin gida, dogon tsoho, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kai ne mai zanen? Zo kusa, ɗana. Kada ka ji tsoro, ba bauta mishi zan yi ba, taɓawa kawai."

Ya sa aka kawo masa ruwa ya wanke hannu, ya goge a riga. Na ɗora masa allon a cinya. Zahra'u ta tsaya a bayansa.

Daga ɗankwali ya fara. Yatsunsa suka sauko goshi, suka tsaya, suka koma, suka sake saukowa. Ya sami kunnen da ya yage, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya bi hanci, ya bi baki, ya daɗe a kan wushiryar. Sannan ya je kuncin dama yana ƙirgawa a hankali, har shida. Ya koma hagu. Da ya kai ta bakwai, yatsansa ya bi ta, ya wuce ƙarshenta, ya ci gaba da tafiya a kan santsin allo inda babu komai. Ya dawo ya sake bi. Sau uku.

Ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

"Wagga mace kyakkyawa ta," ya ce. "Allah shi jiƙan ta, ko wace ce. Amma ban san ta ba."

"Baba, Inna ce fa," in ji Zahra'u.

"Ke kika hwaɗa mishi tsagar?"

Ta kawar da kai gefe.

"Zahra'u, tambayarki nike."

Sai ta fashe. Ban taɓa ganin mutum ya yi kuka da faɗa a lokaci ɗaya haka ba. Ta ce tun da ta yi wayo take ganin Inna tana jan mayafi ta wannan gefen. Ta ce a kasuwa gefe ɗaya take ba mutane, a gidan biki kusa da bango take zama. Yara sun yi mata waƙa tana ƙarama, kuma har ta tsufa ba ta manta baitocin ba. "Shekara sittin da uku tana ɓoye tabon nan, Baba. Yanzu da ba ta da hannun jan mayahi, ni zan sa a tona mata? Ko a allo dai a bar ta ta huta."

Na sunkuyar da kai. Ina ta gaya wa kaina mata masu tabo a ƙasar nan ba su ƙirguwa.

Tsohon ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Ta ɓoye ma duniya, ɗiyata, ba ta ɓoye min ba. Da idona ya tahi, da shi nike gane ta. In ta yi hushi wurin ya kan yi tauri. In tana dariya a ɓoye, nan nike kama ta. Allon ga ba shi hita ɗakina, in na mutu ki kankare shi. Amma in babu wannan, wata ce kuka kawo min, kuma in na yi ta shahwa ta, ita za ta zauna min a rai ta kore Talatu."

Zahra'u ta tafi ta zauna a kan turmi can gefe, ta juya mana baya. Har yau ban ce ta yi kuskure ba.

Ya juyo wajena. "Ka zo da abin aikinka?"

Na ce na zo da shi.

"Ta bakwai ɗin ba ta tsaya ba. Ta zarce sama, wajen ido. Wanzamin da ya yi mata a Cadakori ne hannunshi ya kuɓuce, ran sunanta, gidan ubanta Cindo."

Kaji suna tono kusa da tabarmar. Ina jin su sarai, ina ganin tsohon yana jira. Shekara ashirin ina Gazawa. Matar da mahaifina ya mutu yana tambayar baƙi labarinta tana nan Gangara, tafiyar da ba ta kai a sa guzuri ba. Wataƙila ta sha wucewa ta gaban rumfata ranar kasuwa, da mayafinta a jaye.

Na buɗe zabirar na ciro askar. Na karɓi allon na ɗora a gwiwata. Na sa bakin askar a ƙarshen ta bakwai, kuma wannan karon ban riƙe wuyan hannuna ba. Ba ni da abin da zan ce na yi. Askar ta miƙe, ta haura, ta lanƙwasa, farin gari ya zubo a kan wandona. Numfashi ɗaya aka yi aka gama.

Na mayar masa. Yatsansa ya hau layin ya bi shi, ya kai lanƙwasar, ya tsaya a nan. Sai ya shimfiɗa tafin hannunsa duka a kan kuncin, yadda ake yi wa mai zazzaɓi.

"Talatu," ya ce. "Ke ce dai."

Hawaye suka biyo gemunsa, bai share ba. Zahra'u ta waiwayo daga kan turmin. Ni kuma na fara naɗe askar a tsumma, ina so in tashi in yi sallama.

"Ɗana," ya ce, hannunsa yana kan allon. "Na ce maka ta zarce sama. Ban ce maka ta lanƙwasa ba."

Na ci gaba da naɗe askar.

"Zahra'u ba ta hwaɗa maka ba, tunda ita ta ɓoye. Wa ya hwaɗa maka?"

Da zan iya cewa dace ne. Makaho ne, ba zai ga fuskata ba. Mahaifina ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri, ya ce jaririya ce ta zabura, kuma na ga abin da wannan magana ta ci masa har kabari.

Na ce, "Baba, ni ɗan Jaye ne, wanzamin Cadakori. Askar da ke hannuna tasa ce. Ban sani ba sai yanzu, wallahi."

Zahra'u ta miƙe tsaye. Tsohon ya ɗaga mata hannu ba tare da ya juya ba.

"Yana raye?"

"Ya rasu, shekara takwas. Har ya rasu yana neman labarinta."

"Allah shi gahwarta mishi." Ya sauke hannunsa. "Talatu ba ta taɓa zaginshi ba, ka sani. Uwarta ta hwaɗa mata ita ba ta motsa ba, barci ma take, kukan hwarko ya gajiyar da ita. Shi ya sa takan ce, da za ta gamu da wanzamin nan, ba ta neman komi gare shi sai tambaya guda. Takan ce, mutum yana riƙe da aska a huskar ɗiyar mutane, mi ya gani da ya hi ta? Mi yake kallo?"

Wannan shi ne abin da mahaifina ya gaya mini ina yi masa fifita. Ya ce yana tsakiyar ta bakwai, wata budurwa ta shigo gidan sunan da ƙwaryar fura a ka, igiyar akuya ta harɗe ta, ta yi tangal-tangal ba ta zubar ba, sai ta yi dariya. Ya ce, "Na ɗaga kai, Yahuza. Na ɗaga kai, askar tana tahiya." Bayan shekara biyu ya auri budurwar. Sunanta Fati, ni ne ɗanta na huɗu.

Na ce, "Uwata yake kallo, Baba. Ranar ya fara ganinta."

Ina jiran Zahra'u ta ce wani abu mai zafi, kuma da ta faɗa da na karɓa, don ni da 'yan'uwana bakwai daga wannan ɗaga kan muka fito, uwarta kuma ta biya da jan mayafin shekara sittin da uku. Ita kuwa ta dai zuba mini ido, da idanun da na ara na sa wa uwarta.

Malam Dikko ya jawo allon kusa da ƙirjinsa. Ya sunkuya har gemunsa ya taɓa baƙin, ya sa baki daidai kunnen da ya yage, yatsansa yana kan lanƙwasar.

"Kin ji, Talatu," ya ce a hankali. "Mace yake kallo."